Tifar shara daga birni ko ramin taki a gida: wanne ƙungiyarku za ta zuba wa kuɗinta?

Bara war haka, a gindin darbejiyar ƙofar gidan mai unguwa, saura ƙiris ƙungiyarmu ta manoma ta watse a kan maganar taki. Kuɗin karo-karon da muka tara bayan kaka suna hannun ma'aji, kuma kowa ya san ba za su saya wa kowannenmu takin zamanin da zai ishe shi ba. Matasa suka ce a yi abin da aka saba, a ɗauko tifofin shara daga Kano a raba. Sarkin Noma da wasu 'yan ƙalilan suka ce a haƙa ramuka a haɗa taki a gida, yadda malamin gona ya taɓa nuna mana. Da aka kasa daidaitawa sai aka raba kuɗin biyu, aka yi duka biyun. Ni ne magatakarda, don haka duk wainar da aka toya ta bi ta cikin littafina. Ƙauyenmu yana ƙasar Gezawa, amma har daga wajen Ringim da Babura 'yan uwa ke kirana suna tambayar wanne za su bi, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya.

Abin da ya kai mu ga wannan muhawara ba ɓoyayye ba ne. A 2017, ƙarƙashin shirin takin gwamnatin tarayya da aka ƙulla da ƙasar Maroko, an tsayar da buhun NPK a kan N5,500. Yau wannan kuɗi ko rubu'in buhu ba za su saya ba. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 ya ɗaga farashin taki a duniya, sannan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da faɗuwar naira suka ƙarasa mu. Ana yin Uriya a cikin ƙasar nan, a masana'antar Dangote da ke Lekki da ta Indorama da ke Eleme, amma farashinta dala yake bi. Ƙaramin manomi dole ya waiwayi takin gargajiya, ko yana so ko ba ya so.

Bari in fara da shara, tunda ita muka gada. Kakanninmu da jakai suke yi: a shiga birni da itace tun asuba, a dawo da mangala shaƙe da takin juji da la'asar. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya bi diddigin wannan zirga-zirga tun shekarun 1960, yana son gane yadda gonakin kewayen Kano ke ba da amfani shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Birni yana cin hatsin ƙauye, ƙauye yana kwashe jujin birni, haka abin ke zagayawa. Sai dai jujin wancan zamani toka ce da kashin awaki da tumaki da ɓawon gyaɗa da ganyen da aka naɗe abinci a ciki. Babu leda ko ɗaya.

Har yanzu shara tana da abin yabo, kuma duk wanda ya ce ba ta aiki bai taɓa zuba ta ba. Idan aka dace da tsohuwar bola wadda ta shekara tana ruɓewa, baƙa wuluk, daga unguwannin cikin gari inda ake kiwo a gida ana girki da itace, gero yana son ta ƙwarai. Tokar da ke ciki tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma albarkarta ba ta ƙarewa a damina ɗaya. A gonar baffana, wurin da aka jibge tifa shekara biyu da suka wuce har yanzu daga bakin hanya ake gane shi, don geron wurin ya fi na kewaye duhu da kaurin kara. Ga kuma sauri. Ka biya yau, jibi ta iso. Ba ɗiban ruwa, ba juyawa, ba jiran wata uku. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai riƙe da littafi shi ne sauƙin rabo: kowa ya san nawa ya zuba, a auna masa da baro daidai kuɗinsa, a tashi lafiya.

To, amma me ake saya a gaskiya? Kuɗin tifa mafi yawansa na man dizal ne da ladan direba da na masu lodi. Sharar kanta araha ce, hanya ce ke da tsada. Mu da muke kusa da birni muna iya jurewa. Wanda ke Babura ko Gumel ko Kafin Hausa, kafin mota ta kai masa kuɗin sun doshi na takin zamani, kuma idan gonarsa tana cikin rairayi direba zai juye masa a bakin kwalta ne, ya sake biyan mai amalanke. Sannan nauyin da ake gani ba duka taki ba ne. Mai shara a birni da ƙasar tsakar gida yake haɗawa, don haka kaso mai yawa na abin da tifa ke ɗaukowa yashi ne, mu kuwa yashi ba shi muka rasa ba.

Ranar da tifarmu ta biyu ta iso, Sarkin Noma ya sa aka kafa ragar ƙarfe irin ta magina, aka tankaɗe baro goma a gaban kowa. Ba zan manta abin da ya rage a kan ragar ba. Ledar ruwa da baƙar leda sun yi tsiri har gwiwa. Ga fasassun kwalabe, ga tsofaffin batira da suka fashe suna fitar da baƙin gari, ga ƙunzugun yara na zamani, ga ƙusoshi, ga sirinji biyu da alluransu a jiki. Ya ɗaga ɗaya da tsinke ya dubi shugaban matasa ya ce, "Ɗana, ƙannenka ba takalmi suke shiga gonar nan." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Babu wanda ya ƙara magana.

Ledar ita ce babbar masifa, domin ba ta ruɓewa. Tana naɗe bakin garma, tana tare saiwa, gyaɗa kuma idan ta saki ƙafa ta tarar da leda a ƙasa ba ta yin 'ya'ya a wurin. Da rani iska ta kwashe ta zuwa gonar maƙwabci, ta maƙale a ƙaya da danga. Dabbobi suna cin ta saboda ɗanɗanon gishiri da mai da ke jiki. Tunkiyar innata haka ta yi ta ramewa tana ƙin kiwo, cikinta kuwa a kumbure. Da aka yanka, mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta kamar an murɗa igiya. Wannan tunkiya ita ce ajiyar Inna ta babbar salla.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Masana'antu da majemun zamani na Kano suna Challawa da Sharada da Bompai, kuma a jimar zamani ana amfani da sinadarin kuromiyam. Irin waɗannan ƙarafa masu guba, da dalmar da ke cikin batirin mota, idan suka shiga ƙasa ba ruwan sama ɗaya ko biyu ke wanke su ba. Manomi ba shi da na'urar aunawa. Makaminsa kawai shi ne ya san inda aka yi lodi. Da aka tambaye mu shawara daga baya, abin da muka ce shi ne kada ƙungiya ta ba direba kuɗi ta zauna jira. A tura mutum ɗaya ya bi motar, ya ga bolar da idonsa, ya guji ta kusa da masana'anta da ta bayan asibiti da ta 'yan gyaran batir. Kuma ko ta ina ta fito, ni ban yarda a zuba ɗanyar shara a fadamar salak da kabeji da karas ba, abin da ake ci ɗanye. A bar ta ga gero da dawa.

Yanzu ga rami. Mun haƙa guda uku a jere a bayan gari kusa da rijiyar burtsatse, a inuwar wata tsamiya, kowanne tsawon mita 2, faɗin mita 1 da rabi, zurfin mita 1. Biyu ake cikawa, na ukun na juyi ne. A ƙasa aka shimfiɗa guntayen kara don iska ta samu hanya. Sai busasshen abu kamar ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da ganyen da ya zubo, kaurin taƙi ɗaya, sai kashin dabbobi, sai ɗanyen ganye idan an samu, a barbaɗa toka kaɗan da 'yar ƙasar saman gona, a yayyafa ruwa. Haka ake ta jerawa hawa-hawa har ya cika, a rufe da tsohuwar zana. Na ce toka kaɗan da gangan, don idan ta yi yawa a kan ɗanyen kashi tana korar ƙarfinsa ya bi iska, sai ka ji wurin yana warin fitsari.

A tsakiya ake soka doguwar sanda, ita ce ma'auninmu. Bayan kwana uku ko huɗu ka zare ta ka taɓa. Idan da zafi da danshi, aiki na tafiya. Idan da sanyi a bushe, ruwa yake so. Idan ta fito da santsi da ɗoyi, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshen abu. Cikin rami mai kyau zafi yana kaiwa digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafin shi ne babban abin da rami ya fi shara da shi, ya kuma fi ɗanyen takin turke, domin yana kashe mafi yawan irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Duk wanda ya taɓa zuba ɗanyen kashin shanu ya ga yadda ciyawa ta rufe masa gona kafin noman firi ya san abin da nake nufi. Ana juyawa duk bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi, ya yi laushi yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, ka dunƙula a hannu ya tsaya, ka murza ya wargaje.

Wannan shi ne zaƙin. Ɗacinsa kuwa ya fi yadda malamin gona ya faɗa mana.

Na farko ruwa. Da rani kayan haɗi suna nan birjik bayan kaka, amma kowane rami yana shan jarkoki masu yawa ranar cikawa da ranar juyi, ga mata da yara a layi a bakin famfo. Sai da muka koma ɗiban namu bayan sallar isha'i. Ga shi kuma lokacin ne majiya ƙarfi ke tafiya ci-rani, sai juyi na biyu ya faɗa a kan dattawa. Da damina ruwa kyauta ne, ɗanyar ciyawa ma kyauta, amma kowa yana gonarsa, kuma rami yana iya cika da ruwa ya ruɓe banza in ba a yi masa rumfa ba, ko a tara shi tsibi a kan tudu maimakon rami. Mu dai mun gano cewa ƙarshen Agusta zuwa Satumba, bayan an gama maimai kafin girbi ya kankama, shi ne lokacin da ya fi mana daɗi. Ƙasa da laima, mutane suna gari, ciyawa ba ta riga ta yi 'ya'ya ba.

Na biyu, a ƙauye babu abin da ake kira shara. Kara abincin shanu ne, shi ne danga, shi ne makamashi. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce tsaba, babu mai hankalin da zai zuba ta a rami. Abin da ke saura shi ne ƙaiƙayi da ragowar da dabbobi suka tattake a turke da sharar tsakar gida. Mutanen Kura da Bunkure suna da ɓuntun shinkafa tuli, amma shi yana jinkirin ruɓewa, sai an haɗa shi da takin kaji. Kuma duk abin da ka zuba, rabi zai koma idan ya nuna. Rami irin namu abin da yake bayarwa bai wuce kusan tan 1 ba. Buhun Uriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda ke sa ganye kore, tan guda na takin rami kuwa da ƙyar zai kamo rabin haka, kuma a hankali yake sakinsa. Wanda ya ce maka rami uku za su raba ƙungiya da takin zamani, bai yi lissafi ba. Aikin takin rami daban ne: yana sa jigawa ta riƙe ruwa, ya sa ɗan takin zamanin da aka saka ya zauna a gindin shuka maimakon ya zurare, kuma gonar da ta samu ƙarfi wuta-wuta ba ta cika yi mata illa kamar gajiyayyiya ba.

Na uku shi ne wanda ya kusa kayar da mu, kuma ban taɓa jin an faɗe shi a wajen wani taron horo ba. Wa ke da kayan haɗin? A yawancin gidajenmu awaki da tumaki da kaji na mata ne. Tokar murhu su ke kwashewa, tsakar gida su ke sharewa. Mun zauna mu maza zalla mun yanke cewa kowane gida zai kawo kwando kaza, ba mu shawarci ko mace ɗaya ba. Ranar da na je ɗauka a gidan gwaggona, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ɗan nan, awakin wa suka yi kashin?" Na ce, "Naki ne, Gwaggo." Ta ce, "To, idan ya nuna, gonar wa za a kai?" Ban da amsa. Ashe da wannan takin take ciyar da 'yar gayaunarta ta kuɓewa da yakuwa da rama a bayan gida, wadda daga ita miyar gidan take fitowa har ta sayar da busasshiya. Mun tashi gyara gonar hatsi, za mu kashe tukunyar miya. Sai da aka koma aka sake zama, mata suka wakilta dattijuwa biyu, aka amince cewa duk macen da ta ba da kwando za a rubuta da sunanta, ba da sunan mijinta ba, kuma kasonta ita za ta ce inda za a kai.

Daga nan na fahimci ainihin bambancin hanyoyin biyu. Tifa kuɗi take ci, kuma kuɗi suna da sauƙin ƙirgawa. Rami gumi yake ci da kayan gida, su kuwa ƙirga su sai da adalci da haƙuri. Wani ya kawo kwando goma na ƙaiƙayi, wani ya kawo uku na kashin kaji, wani bai kawo komai ba amma bai taɓa fashin juyi ba. Yaya za a raba? Mu mun mayar da komai maki: kwandon kashi maki biyu, na busasshen abu maki ɗaya, yinin aiki maki uku, jarka biyar ta ruwa maki ɗaya. Ba na cewa namu ne daidai, kowane gari ya yanka nasa. Abin da nake roƙo shi ne a yanke kafin a sara ƙasa, a rubuta, a karanta a gaban mai unguwa. Idan aka bari sai taki ya nuna, kowa zai tuna wahalarsa ya manta ta ɗan uwansa.

To, wanne za a zaɓa? Idan garinku yana kusa da birni, a Ungogo ko Kumbotso ko Gezawa ko Dawakin Kudu, ruwa yana muku wuya, matasanku suna tafiya da rani, kuma hatsi kuke nomawa, tifa ba laifi ba ce, da sharaɗin a bi mota, a tankaɗe, a tara ledar wuri guda kada iska ta yaɗa ta, a bar takin ya ƙara kwana a jibge kafin a watsa. A sa kuɗin raga da safar hannu da takalmin roba a cikin lissafi tun farko, da ladan masu tankaɗe, sannan a ga ko har yanzu tana da araha. Sau da yawa bayan wannan lissafin jikin mutane yana yin sanyi.

Idan kuwa kuna nesa, kamar yawancin ƙauyukan Jigawa, kuna da dabbobi a gida da ruwa a kusa, ko kuna noman rani na kayan lambu, ni ban ga dalilin biyan kuɗin dizal a kawo muku yashi da leda ba. Ku haƙa rami. Kuɗin ƙungiya ku sa su a abin da zai rage wahala: baro, shebur, manjagara, jarkoki, in da hali amalanke. Ragowar ku sayi takin zamani ko buhu nawa ne a raba da mudu. Kada a watsa ko ɗaya a faɗin gona. A zuba cikin tafin hannu biyu na takin rami a ramin shuka, a bi shi da cikin marfin kwalbar lemo na NPK, a rufe. Da haka abin da ba zai ishi kadada ɗaya a watse ba zai zagaya gonaki da yawa. Mutanen Tawa a Nijar da irin wannan dabarar ta tassa suka farfaɗo da fako da aka riga aka yafe.

Ƙarancin kayan haɗi ma yana da mafita a kusa, wadda ba mu lura da ita ba sai da wani ƙanena mai kai tumatir kasuwar Yankaba da ke Kano ya yi magana. Kowace kasuwar mako tana barin tarin ruɓaɓɓen tumatir da ganyen albasa da ɓawon rake da kashin dabbobi a kara, mahauta kuma suna zubar da abin cikin tumbi. Wannan shara ce da mun san asalinta, ba batir ba allura, ledarta kaɗan ce ana tsincewa da hannu. Mun je mun gaida sarkin kasuwar da ke kusa da mu, muka roƙi izinin sharewa washegarin kowace kasuwa, ya ce ai mun rage masa aiki. Yanzu yara huɗu ke zuwa da amalanke, ana rubuta musu makinsu kamar kowa.

Bana ƙungiya ta yanke tifa ɗaya kacal, ta masu gonakin bakin hanya da suka ce sun ji sun gani, kuma shugaban matasa da kansa zai bi motar. Ramuka kuma sun zama shida. Biyu daga ciki mata ne suka ce a haƙa musu a bayan gidan gwaggona, su za su cika su juya, mu namu kawai ɗiban ruwa ranar Talata da Asabar.